Kofi Muke Saya Kowace Shekara, Alhali Koci Muke Bukata



Duk ƙarshen shekara mun san abin da muka saba yi. A zagaya da takardar gudummawa, a tara kuɗi, a sayo kofi da riguna, a yi hayar rumfa da kujeru, a gayyato babban baƙo ya zo ya yi jawabi. Yara su yi mako biyu suna fafatawa, a ɗauki hotuna a sa a Facebook, shi ke nan sai baɗi in Allah ya kai mu. Ba raina wannan ƙoƙari nake yi ba, domin waɗanda ke zirga-zirgarsa aljihunsu da ƙafarsu suke kashewa. Amma ra'ayina shi ne, in har da gaske muke son wasa ya amfani yaranmu, to rabin kuɗin nan ya kamata ya tafi wajen mutum ɗaya, wato mai horaswa, wanda zai kasance da yaran daga Janairu har Disamba. Zan kafa hujja da ƙwallon kwando, saboda a wannan wasa jiharmu tana da tarihin da da yawa daga cikinmu ba su ma san da shi ba.

Mu fara daga Zariya. Akwai wani Ba'amurke mai suna Oliver B. Johnson, wanda masu wasan kwando a faɗin ƙasar nan suka fi sani da Koci OBJ. Mutumin nan ya yi shekaru masu yawa a Jami'ar Ahmadu Bello yana koyar da wasan, ga ɗalibai da kuma yaran gari masu zuwa fili da yamma. Bai mallaki wata babbar ƙungiya ba, ba shi da tarin kuɗi. Abin da yake da shi shi ne zama wuri ɗaya da haƙurin koya wa yaro abu guda sau ɗari. A cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda aka haifa a Ingila a 1970 amma a Zariya ya tashi, kuma ƙwallon ƙafa yake bugawa kamar kowane yaro kafin ya koma kwando yana ɗan shekara 13 ko kusa da haka. Masai bai zama shahararren ɗan wasa ba. Ya je Amurka ya yi karatu ya buga wa kwaleji, ya yi 'yan shekaru yana wasa a ƙananan ƙungiyoyin Turai, sannan ya shiga aikin farautar 'yan wasa, har ya fara yi wa Orlando Magic wannan aiki ba tare da albashi ba. A 2010 ya zama babban manajan Denver Nuggets, a 2013 aka ba shi kyautar gwarzon shugaban ƙungiya na gasar NBA, kuma a shekarar ce Toronto Raptors ta Kanada ta ɗauko shi ta damƙa masa ragamarta.

Tarihin masu horaswar wannan ƙungiya ta Toronto shi ne nake so mu ɗan zauna a kansa, domin a cikinsa akwai duk abin da muke gardama a kai a wajen shan shayi: yaushe ake haƙuri da koci, yaushe ake sallamarsa, kuma wa ake kawowa a madadinsa.

An kafa Raptors a 1995. Kocinta na farko, Brendan Malone, kaka ɗaya ya yi, ya ci wasa 21 cikin 82, aka rabu. Darrell Walker ya karɓa, bai cika kaka biyu ba ya ajiye aiki a tsakiyar kakar 1997 zuwa 1998, kakar da ƙungiyar ta ƙare da nasara 16 kacal. Butch Carter ya kai su zagayen fitar da gwani karon farko a 2000, New York ta kore su ba su ci ko wasa ɗaya ba, shi ma ya tafi. Sai masu ƙungiyar suka yi irin tunanin da mu ma muke yi, suka ce a nemo babban suna. Suka kawo Lenny Wilkens, wanda a lokacin babu kocin da ya kai shi yawan cin wasa a tarihin NBA. Ya yi abin kirki a shekararsa ta farko, suka fitar da New York a 2001, suka kai Philadelphia har wasa na bakwai, inda Vince Carter ya jefa ƙwallon ƙarshe ta ƙi shiga. A zamaninsa ne ma ɗan ƙasarmu Hakeem Olajuwon ya zo Toronto ya buga kakarsa ta ƙarshe. Amma zuwa 2003 nasara ta koma 24, Wilkens ya kama gabansa. Kevin O'Neill ya zo, shekara ɗaya shi ma. Ku lissafa da kyau, koci biyar cikin shekara tara, kuma babu abin da aka gina da zai tsaya da ƙafarsa.

Sam Mitchell ya ɗan daɗe, daga 2004 zuwa 2008. A 2007 ya ci wasa 47, aka zaɓe shi gwarzon koci na shekara. Shekara ɗaya da rabi bayan nan, a watan Disamba na 2008, aka kore shi ana tsakiyar kaka. Jay Triano ya gaje shi, ɗan Kanada na farko da ya riƙe ƙungiyar NBA, ya yi kusan shekara uku bai kai su zagayen fitar da gwani ba. A 2011 aka ɗauko Dwane Casey daga Dallas, inda yake mataimaki a ƙungiyar da ta ci kofin shekarar.

Lokacin da Masai ya iso a 2013, Casey ya riga ya yi kaka biyu, duka biyun kuwa faɗuwa ta fi nasara yawa. Al'adar da aka saba ita ce sabon shugaba ya zo da nasa mutumin. Mu a nan mun fi kowa sanin wannan, domin ko shugaban ƙungiyar unguwa aka canza, sai ka ga an sauya har mai riƙe makullin ɗakin taro. Ɗan Zariya bai yi haka ba. Ya bar Casey a kan aikinsa. A kakar farko suka ci 48, ta biyu 49. A 2015 Washington ta share su wasa huɗu a jere a zagayen farko, magoya baya da 'yan jarida suka yi ta kiran a sallami koci, Masai ya toshe kunnensa. Shekarar da ta biyo baya suka ci 56, suka kai wasan ƙarshe na yankin gabas karon farko a tarihinsu. Da an bi surutun mutane a 2015, da wannan bai samu ba.

A cikin shekarun nan ana wani aiki a bayan fage wanda ba ya fitowa a labarai. Ƙungiyar ta kafa ƙaramar ƙungiya ta renon matasa, Raptors 905, inda ake tura yaran da ba su gama nuna ba su yi ta wasa a ƙarƙashin masu horaswa. Pascal Siakam ɗan Kamaru, wanda bai fara wasan kwando da gaske ba sai da ya kusa shekara 18, ta nan ya bi. Fred VanVleet, wanda babu ƙungiyar da ta ɗauke shi a ranar zaɓen sababbin 'yan wasa, shi ma ta nan ya bi. Su biyun suna cikin waɗanda suka ci wa ƙaramar ƙungiyar kofi a 2017 a hannun Jerry Stackhouse.

Sai 2018. Toronto ta ci wasa 59, mafi yawa a tarihinta, ta zo ta ɗaya a gabas. Cleveland ta LeBron James ta sake korar su, wasa huɗu ba ko ɗaya, karo na uku ke nan a jere da ƙungiya ɗaya ke fitar da su. A watan Mayu Masai ya sallami Casey. Bayan 'yan makonni aka sanar da cewa Casey ne gwarzon koci na shekara. Mutum ya hau dandamali ya karɓi kyauta alhali an riga an kore shi daga aikin da ya jawo masa kyautar. Mutane da yawa sun ce butulci ne, kuma ni ma ban ga laifin wanda ya ji zafin abin ba, domin har yau babu kocin da ya ci wa Toronto wasa kamar Casey, nasara 320 ya bari. Amma a ganina hukuncin ya yi daidai, kuma dalilin da ya sa ya yi daidai shi ne shekara biyar ɗin da aka ba shi tukuna. An ga iyakar inda zai iya kai su, ba sau ɗaya ba, sau uku. Wannan daban yake da korar mutum bayan wata takwas don an sha kashi a wasa biyu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wanda aka kawo. Ba a je kasuwa neman babban suna irin na Wilkens ba. An ɗauki Nick Nurse, mataimakin Casey tun 2013, mutumin da ya yi shekaru yana horas da ƙungiyoyi a Ingila, ƙasar da ba ta damu da wasan kwando ba, sannan ya dawo ƙaramar gasar Amurka ya ci kofi sau biyu, a 2011 da 2013. Bai taɓa riƙe ƙungiyar NBA ba. Amma ya san kowane ɗan wasa a gidan, ya san mai saurin fushi da mai bukatar lallashi. Masai ya kuma yi kasadar da ta fi wannan, ya bayar da DeMar DeRozan, ɗan lelen magoya baya, ya karɓo Kawhi Leonard wanda ya yi kusan kaka guda yana jinya. A 2019 suka fitar da Philadelphia da ƙwallon da Kawhi ya jefa a daƙiƙar ƙarshe ta wasa na bakwai, ta yi tsalle sau huɗu a bakin kwando kafin ta faɗa. Milwaukee ta ci su wasa biyu na farko, Nurse ya sauya dabara ya sa Kawhi ya tsare Giannis Antetokounmpo, suka ci huɗu a jere. Ranar 13 ga Yuni 2019 suka doke Golden State da maki 114 da 110 a wasa na shida, kofin NBA ya bar Amurka karon farko. A cikin 'yan wasan akwai Siakam da Serge Ibaka ɗan Kwango, akwai kuma OG Anunoby wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, ko da yake tiyata ta hana shi buga wasannin ƙarshe.

Za a iya cewa ai Kawhi ne ya ci musu, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai Kawhi ya tafi bayan kaka ɗaya, ƙungiyar kuwa ta ci wasa 53 cikin 72 a kakar da cutar korona ta katse, aka ba Nurse gwarzon koci na 2020. Gidan da aka gina bai rushe don baƙo ya tafi ba. Daga baya abubuwa sun ja baya, aka sallami Nurse a 2023 aka kawo Darko Rajakovic ɗan Sabiya, shi kansa Masai suka rabu da ƙungiyar a watan Yunin 2025. Sana'ar haka take, ba ta da tabbas. Amma a shekara goma daga 2013 koci biyu kawai suka yi, a nan ne kuma duk abin alfaharinsu yake.

Na san wani zai ce, Malam, ka kai mu Kanada, ina ruwan Sabon Tasha da ƙungiyar da ke biyan ɗan wasa ɗaya abin da ya fi kasafin ƙaramar hukuma? To mu dawo gida. Kano Pillars da muka sani da ƙwallon ƙafa tana da ƙungiyar kwando, kuma ta yi zamanin da babu mai ja da ita a ƙasar nan. Ta ci gasar ƙasa a 2013 da 2014, ta sake ci a 2016 da 2017, ban da kofunan da ta ɗauka kafin nan. A 2016 ta je Alƙahira gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka ta dawo da matsayi na uku, a gasar da ƙungiyoyin Angola da Masar da Tunisiya suka saba mamayewa. Duk wanda ya bi wasan a shekarun nan ya san sunan da ke tafiya da Pillars, Koci Sani Ahmed, wanda ya daɗe a kan kujerar har ya yi aiki da ƙungiyar ƙasa. 'Yan wasa sun zo sun tafi, wasu ƙungiyoyin kudu sun saye su, amma salon wasan bai canza ba domin mai koyar da shi yana nan. Ɗakin wasa na filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya zama wurin da baƙi ke shiga da fargaba.

Haka labarin yake a Fatakwal. Rivers Hoopers ta riƙe Ogoh Odaudu sama da shekara goma, ya ci mata gasar ƙasa sau da dama, a 2024 kuma ya kai ta matsayi na uku a gasar BAL ta Afirka a Kigali, aka zaɓe shi gwarzon kocin gasar. Ƙungiyoyi biyun da suka fi kowa tasiri a wasan kwandon Nijeriya cikin shekarun nan, kowacce za ka iya kiran sunan kocinta ba tare da dogon tunani ba. Mu a Kaduna muna da Kada Stars, ta buga rukunin Savannah tare da su Pillars. Mutum nawa ne a cikin masu karanta wannan rubutu suka taɓa zuwa kallonta a filin wasa na Ahmadu Bello? Jihar da OBJ ya zauna, jihar da ta fitar da Masai, ƙungiyarta ba ta da ko masu tafa mata. Wannan laifinmu ne mu jama'a kafin mu ɗora wa gwamnati.

Akwai hujjar da za a iya kawowa a kaina, gara in kawo ta da kaina. Will Voigt watanni kaɗan ya yi da D'Tigers ya ci kofin Afirka a Tunisiya a 2015, karo na farko ga mazanmu, suka doke Angola a wasan ƙarshe. Rena Wakama an naɗa ta a tsakiyar 2023, cikin 'yan makonni ta ci kofin Afirka na mata, a 2024 ta kai D'Tigress zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a wasannin Olamfik na Paris bayan sun doke Ostireliya da Kanada, abin da babu ƙasar Afirka da ta taɓa yi, ta kuma sake cin kofin Afirka a 2025. Ina daɗewar take a nan? Amsar ita ce ƙungiyar ƙasa girbi take yi. Yawancin 'yan wasan nan wasu ne suka rene su shekara da shekaru a makarantu da kwalejojin Amurka da ƙungiyoyin Turai, koci ya zo ya haɗa su na ɗan lokaci. Wakama ma ƙungiyar da ta ci kofi sau uku a jere ta gada, 2017 da 2019 da 2021. Mu a unguwa ba mu da abin girba. Aikinmu irin na OBJ ne, sharar gona da shuka, wannan kuwa ba a yin sa a mako biyu na Disamba.

Kuma kada mu zauna jiran hukumar wasan ta ƙasa. Tun 2017 aka shiga rikicin shugabanci tsakanin ɓangaren Tijjani Umar da na Musa Kida, gasar cikin gida ta yi ta tangal-tangal, har a watan Mayun 2022 gwamnatin tarayya ta sanar da janye ƙasar daga wasannin duniya. An janye hukuncin bayan 'yan makonni, amma aikin gama ya gama, 'yan matanmu sun rasa gurbinsu a gasar cin kofin duniya ta Ostireliya da suka sha wahala suka samu. Wanda ya dogara da Abuja ta turo masa mai koya wa ɗansa jifa zai daɗe yana jira.

Me ya sa nake nacewa a kan kwando alhali ƙwallon ƙafa ne a jininmu? Na farko, fili. Kowa ya san yadda gine-gine suka cinye filaye daga Sabo zuwa Unguwar Boro, Unguwar Sunday har Kamazou, wuraren da muka san yara na tamaula yanzu shaguna ne da gidajen haya. Filin ƙwallon ƙafa na ƙa'ida ya kai mita 105 da 68. Na kwando mita 28 ne da 15, wato za a yanka kusan 17 a cikin guda ɗaya na ƙafa. Akwai ma wasan mutum uku-uku da ake yi a rabin fili da kwando ɗaya, wanda ya shiga Olamfik tun wasannin Tokyo. Harabar makarantar firamare ko gefen coci ko masallaci ta isa. Na biyu, 'yan mata. Ba kowane uba ne zai bar 'yarsa ta je filin ƙwallo a bayan gari ba, amma fili a cikin makaranta, da mace mai kula, da lokacin tashi sananne, iyaye da yawa za su amince. Kuma a wasan nan matanmu sun fi mazanmu ɗaga sunan ƙasa, ba gardama.

Masu cewa wasan dogaye ne, su sani Muggsy Bogues da ya yi shekara 14 a NBA, har ya buga wa Toronto, tsawonsa mita 1.60 ne. Kyle Lowry da VanVleet, da suka riƙe ƙwallo a ƙungiyar da ta ci kofin 2019, ba su wuce tsawon samarin da muke gani kullum a bakin kasuwar Sabo ba. Ba kuma ina yi wa kowa alkawarin NBA ba ne. A cikin yara dubu da wuya ɗaya ya ci abinci da wasan. Amma yaron da ya san ƙarfe huɗu akwai wanda ke jiransa a fili, wanda zai tambaye shi dalilin rashin zuwansa jiya, wanda zai ce sai ya ga sakamakon jarrabawa kafin ya ba shi riga, wannan yaron ya yi nisa da masu sayar da ƙwaya a lungu. Kofi ba ya tambayar yaro inda ya kwana.

Akwai wani abu kuma da ba mu cika son faɗa a fili ba. Tun bayan rikice-rikicen 2000 da 2002 garin Kaduna ya rabu, kogi ya zama kamar iyaka. Akwai samari a Sabo da suka girma ba su da aboki ko ɗaya a Tudun Wada ko Kawo ko Rigasa, haka su ma can. A Kafanchan ma an san wannan ciwo. Gasar ƙarshen shekara tsakanin layukan unguwa ɗaya ba ta taɓa wannan matsala, mu ne dai da mu. Koci mai ƙungiya ta dindindin kuwa dole ya nemi abokan karawa, dole ya kwashi yara a mota ya tsallaka gada, su ma can su zo mana. Tarurrukan zaman lafiya da ake yi a otal suna da amfaninsu, amma yaro ya fi tuna wanda ya tsare shi minti arba'in a fili suka yi musabaha a ƙarshe.

Ga abin da nake roƙon shugabanninmu, iyayenmu maza da mata, su duba a zama na gaba. A nemi mutum biyu, namiji da mace, daga cikinmu. Ba sai mun je nesa ba. Akwai malaman motsa jiki da suka fito daga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, akwai waɗanda suka buga wasan a Zariya ko a barikokin soja da ke garin nan suka dawo suna wasu sana'o'i. A yi yarjejeniya a rubuce ta shekara uku, da ɗan alawus na wata-wata wanda ba zai yanke ba ko an canza shugabanni, domin abin da ke kashe irin wannan shiri a wurinmu shi ne sabon shugaba ya zo ya ce ba shi ya kawo mutumin ba. A rubuta abin da za a auna su da shi tun farko: yara nawa ke zuwa a kai a kai, nawa ne mata, nawa suka ci gaba da makaranta, wasa nawa aka buga da wasu unguwanni. Kada a sa cin kofi a ciki a shekara biyun farko, in ba haka ba koci zai je ya ɗebo ƙattai masu rage shekaru ya bar namu yaran a benci, abin da muka sha gani a ƙwallon ƙafa. Kowane koci kuma a haɗa shi da mataimaki matashi da zai koya a hannunsa, saboda ranar da zai tafi a samu irin Nick Nurse a cikin gida.

Batun amana ma a yi shi da ido buɗe. Mutumin da za a damƙa wa 'ya'yan mutane sai an bincika halinsa a wurin malaman addini da masu unguwa, horo ya kasance a fili inda kowa ke gani, kuma kwamitin iyaye mata ya riƙa leƙawa ba tare da sanarwa ba.

Fili kuma mu fara da abin da muke iyawa, rabin fili na siminti da allo ɗaya da ƙarfen kwando a tsawon mita 3.05, wanda masu walda na bakin titin Kachia za su iya haɗawa. Gidauniyar Masai, Giants of Africa, da ya kafa tun 2003, ta yi alkawari a 2021 za ta gina filaye 100 a faɗin Afirka. Ba na cewa za su zo mana. Amma in za mu rubuta musu ko wani mai hali ɗan yankinmu da ke Abuja ko Legas, wasiƙar da ke ɗauke da sunan koci, da rajistar yara ta shekara guda, da hoton rabin filin da muka zuba da kuɗinmu, ta fi wadda ke ɗauke da hoton babban baƙo yana miƙa kofi. 'Yan'uwa na Kafanchan da Zonkwa da ke da filayen makarantu masu faɗi sun fi mu sauƙin farawa, in sun riga mu sai mu ɗauko yaranmu mu zo musu wasan sada zumunci.

Wanda ya san wani ko wata da ya taɓa buga wasan kuma zai iya koyarwa, ya sanar da sakataren ƙungiya kafin zama na gaba, domin a samu sunaye a kan tebur lokacin da za a tattauna kasafin gasar bana.